SOJAN DALMA DA MATAR DA TA FITA DA GATARI

'Yar uwa, da za a ce miki akwai ƙasar da magidanci mai furfura, wani likita, wani malamin makaranta, wani ma tsohon soja, zai dawo daga aiki ya ci abinci ya shige ɗaki ya kunna fitila, ya zauna yana shafa wa 'yar tsana fenti har tsakar dare, na san cewa za ki yi a taimaka a nema masa magani. To akwai su, kuma lafiyarsu ƙalau. Suna da yawa a Ingila da Amurka da Jamus, har da Rasha da Turkiyya. Sai dai tasu 'yar tsanar ba irin wadda muka goya muna yara ba ce. Soja ne ɗan mitsitsi da aka zuba da dalma ko roba, tsawonsa milimita 28, wani ma 15, wato bai fi gaɓar ɗan yatsanki ba, amma da hularsa da bindigarsa da gashin bakinsa.

In mutum ya tara ɗari biyu ko uku ya gama fentinsu, sai ya gayyaci abokinsa. A shimfiɗa ƙyalle kore a kan babban tebur, yawanci mai ƙafa shida a tsawo da huɗu a faɗi, a yanka soso a yi tsaunuka, a ja shuɗin zane a ce kogi ne, a jera 'yan gidaje na kwali. Kowa ya jera rundunarsa daidai yadda littafin tarihi ya ce an tsaya a ranar yaƙin. Da tef irin na tela ake auna tafiya: sojan ƙasa inci kaza, mai doki ninkinsa, igwa kuwa sai a hankali. In za a yi harbi sai a jefa ɗan lido, abin da ya fito shi zai nuna mutum nawa suka faɗi. In runduna ta sha wuya sai a sake jefawa a ga ko za ta tsaya ko za ta ranta a na kare. Ɗan tsana guda yakan tsaya a madadin mutum ashirin ko hamsin.

Asalin abin ba wasa ba ne. Wani Bajamushe mai suna Reisswitz ne ya ƙirƙiro shi ya nuna wa sarkin Furusiya a 1812, ɗansa ya gyara shi a 1824, manyan soja suka karɓa suna koyar da hafsoshi da shi a kan taswira, da 'yan gutsattsarin ƙarfe ja da shuɗi. Da Furusiya ta lallasa Faransa a 1870 zuwa 1871 sai sauran ƙasashe suka ce ashe akwai magana a ciki, kowa ya kwaikwaya. Wanda ya shigo da shi cikin gida shi ne marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, da littafinsa Little Wars na 1913. Shi a tsakar ɗaki yake jera nasa, yana harbinsu da 'yar igwa mai sifirin. Ra'ayinsa shi ne gara a kashe sojan dalma da a kashe ɗan wani. Shekara guda bayan fitar littafin aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tun a bangon littafin kuma ya nuna cewa don maza ya rubuta, mata sai 'yan ƙalilan da ya ga sun kai. Ki riƙe wannan, za mu zo kansa.

Yawancin masu wannan wasa yaƙe-yaƙen Nafoliyon suke yi, ko na Hitila, ko yaƙin basasar Amurka, domin su ne kamfanoni suke zuba sojojinsu birjik. Amma akwai 'yan tsiraru masu taurin kai da suka ce su sai yaƙin Rasha da Turkawa. Daular Usmaniyya ke nan, ba tamu ta Shehu a Sakkwato ba, ta Santambul, wadda sojanta suke sa jar dara. Waɗannan dauloli biyu sun gwabza wajen sau goma sha biyu daga 1568 zuwa 1918, a kan Bahar Aswad da ƙasashen da ke kewaye da shi. Rasha tana son hanyar ruwa da ba ta daskarewa da sanyi, Turkawa kuma suna tare da ƙofar. Shekara ɗari uku da hamsin ana abu guda, amma in kin cire yaƙin Kirimiya, wanda ya yi suna don Ingila da Faransa sun shiga, sauran ba kowa ya san su ba.

Ɗauki na bakin kogin Prut, a watan Yuli 1711. Sarki Bitrus na Rasha, wanda suke wa laƙabi da Babba, yana cikin giyar nasara, don shekara biyu kafin nan ya karya sarkin Suwidin, Charles na 12, a Poltava, shi kuma ya gudu ya fake wurin Turkawa. Bitrus ya kwaso mutum wajen 38,000 ya shigo ƙasar Moldabiya da tsammanin Kiristocin wurin za su tashi su mara masa baya su kuma ciyar da shi. Ashe a shekarar fari aka yi, fara kuma ta cinye ɗan abin da ya tsira, dawaki ba ciyawa, mutane ba abinci. Babban Wazirin Turkawa, Baltaji Mehmed Fasha, ya iso da fiye da mutum 100,000, ga mahayan Tatar na Kirimiya, suka yi musu zobe, kogi a bayansu. Rashawa suka kewaye kansu da amalanke da shingen itace mai tsini. Zaratan sojan Sarkin Santambul, waɗanda ake kira Janisari, suka kai hari suka sake kaiwa, aka yi musu ɓarna mai yawa, da gari ya waye suka ce ba za su koma ba. Amma na cikin zoben ma ba ruwa ba harsashi isasshe. Kwana ɗaya ko biyu ya rage a kama sarkin Rasha da hannu.

A cikin sansanin nan akwai mace, Katarina, wadda asalinta 'yar aiki ce da aka kamo a yaƙi, Bitrus ya ɗauke ta. Labarin da ya bazu shi ne ta tuɓe sarƙoƙinta da 'yan kunne da zobba, ta bi matan hafsoshi ta tattara nasu, aka haɗa aka aika wa Waziri, shi ya sa ya yarda da sulhu. Masu tarihi da dama suna ganin kyauta dai an kai, don al'adar zamanin ce, amma ba ita ta sa ba, Waziri ya duba ya ga sojansa sun ƙi faɗa, ga kuma abin da aka fito nema an miƙo masa: Rasha ta mayar da garin Azov ta rushe Taganrog. A Turkiyya har yau akwai masu tsegumin wai da kanta ta je tantin Waziri da dare, maganar da ba ta da tushe ko kaɗan, irin dai abin da kika sani, mace ba ta yin abin a yaba a ƙyale ta haka. Shi Bitrus ya san abin da ya gani. Ya ɗaura aure da ita a bainar jama'a a 1712, a 1714 ya rataya mata sabuwar lambar girma ta mata da ya ƙirƙira, da ya mutu a 1725 kuma ita ta hau gadon. Waziri kuwa kafin shekarar ta ƙare an tuɓe shi, aka kai shi wani tsibiri ya mutu can. Baltaji ɗin ma da Turkanci mai gatari ke nan.

To masu wasa in sun jera Prut a tebur, nan suke cijewa. Harin Janisari yana da daɗin bugawa, shinge ga shi, igwa ga ta. Amma abin da ya raba faɗan, wato yunwa da ƙishirwa da zaman sulhu cikin tanti, tef ba ya auna shi. Wasu sai su sa doka cewa in Rashawa sun jure zagaye kaza ba su karye ba sun ci. Sarƙar Katarina kuwa ba ta da gurbi.

Na Kagul, ranar 1 ga Agusta 1770, shi matsalarsa daban. Janar Rumyantsev ya fuskanci rundunar da ta ninka tasa sau da yawa da mutum wajen 17,000, ya tsara su murabba'i-murabba'i yadda doki ba zai sami gefe ba, ya ci yaƙin. In aka bi ƙidayar kai kawai a tebur, Turkawa ne za su ci kullum, don haka sai masu rubuta doka su rage wa sojan Turkiyya daraja. Wani lokaci suna da gaskiya, don a shekarun nan horo da tsari sun yi ƙaranci a rundunar. Amma wasu sun mayar da abin ɗabi'a, duk inda aka ga jar dara sai a ba shi maki kaɗan tun kafin a buɗe littafi. Wanda ya karanta 1877 ba zai yi haka ba.

Wannan yaƙi Turkawa suna kiransa Yaƙin 93, domin ya faɗo a shekarar 1293 ta kalandar Rumi da ma'aikatan gwamnatinsu ke aiki da ita. Rasha ce ta ƙaddamar da shi ranar 24 ga Afrilu 1877, zamanin Sarki Iskandar na Biyu, a Santambul kuma Sultan Abdulhamid na Biyu bai cika shekara a kan gado ba. Dalilin da Rasha ta bayar shi ne kisan da aka yi wa Kiristocin Bulgeriya lokacin murƙushe tawayensu na 1876, kuma an yi kisan da gaske. Amma akwai kuma tsohon miki, tana son ta dawo da abin da ta rasa a yaƙin Kirimiya. A wannan karon sojan Turkiyya yana riƙe da bindigar Peabody-Martini ƙirar Amurka, wadda ta fi yawancin na Rashawa cin nisa, ga igwar ƙarfe ƙirar Krupp ta Jamus. A yamma, Usman Fasha ya riƙe garin Plevna kusan wata biyar har 10 ga Disamba, 'yan jaridar Turai suka cika wurin, duniya ta ji. A gabas kuwa, can cikin tsaunukan Kafkas, faɗan da aka yi bai sami masu ba da labari kamar haka ba.

Ahmad Muktar Fasha ne kwamandan gabas. Da farko ya yi abin kirki, ya ci Rashawa a Zivin cikin Yuni, ya sake cinsu cikin Agusta. Amma su ana ta turo musu ƙarin mutane, shi kuwa shiru. Ranar 15 ga Oktoba aka karya shi a dutsen Alaja. Ya ja da baya da ragowar mutanensa ya tsaya a wata mashigar dutse da ake kira Deveboynu, wato Wuyan Raƙumi, nan ma aka fatattake shi ranar 4 ga Nuwamba. Bayan Wuyan Raƙumi ba sauran komai sai garin Erzurum.

Erzurum gari ne a kan tudu, kusan mita 1,900 sama da teku, inda sanyin Nuwamba yake daskarar da ruwa a randa. Ya cika da 'yan gudun hijira daga ƙauyuka da sojoji masu rauni. A gabas da shi, kan tsauni, akwai sansanoni masu ganuwa da aka gina don tsaron gari, cikinsu har da Aziziya, mai sunan Sultan Abdul'aziz. Wanda ya riƙe Aziziya ya kafa igwa, gari yana ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

Daren 8 ga Nuwamba wayewar 9, Janar Heimann na Rasha ya tura mutanensa rukuni-rukuni cikin duhu su mamaye sansanonin. Yawancinsu suka ɓata hanya, suka yi ta bulayi a kan duwatsu har asuba. Kashi guda ne ya isa Aziziya, ya tarar da masu gadi cikin barci, ya shiga. Turkawa suna cewa wasu Armeniyawan yankin ne suka nuna hanya, maganar da ta daɗe tana ƙara gishiri a gabar da ke tsakanin al'ummun biyu, alhali a cikin Erzurum ɗin akwai Armeniyawa da yawa da suka kwana cikin tsoro iri ɗaya da maƙwabtansu.

Da asuba labari ya iso gari. Ladanai suka hau hasumiya, bayan kiran salla suka yi shela cewa Rasha ta shiga Aziziya, duk mai iya ɗaukar wani abu ya fito. Muktar Fasha ya tura sojan da ya rage masa. Amma tare da su, a gabansu da bayansu, mutanen gari ne, tsofaffi da yara da mata, wannan da gatari, wannan da lauje, wannan da sanda, wani dutse kawai ya ɗauka, suna hawan tudu a fili ana zuba musu harsashi.

A cikinsu akwai wata yarinya 'yar kimanin shekara ashirin, haihuwar 1857, wadda danginta suka baro ƙauye suka shigo gari saboda yaƙin. Yadda Turkawa suke ba da labarin, mijinta yana fagen daga, wanta Hasan an kawo shi gida da rauni ya cika a daren nan a gabanta, ga kuma jaririya 'yar wata uku a hannu. Ta shayar da ita, ta kwantar, ta bar ta a ɗaki, ta ɗauki gatari ta fita. Ke da kike goyo, ki tsaya nan ki ɗan yi tunani. Wata uku, ko wuya bai gama tsayawa ba. Ba ta da tabbacin za ta dawo, ba ta da tabbacin wani zai ji kukan. Ni ban ce kowace uwa haka ya kamata ta yi ba, kuma wadda ta rungume nata ta zauna ba zan ga laifinta ba. Amma ita lissafin da ta yi a fili yake: in Aziziya ta tafi, ɗakin da ta kwantar da 'yar ma ya tafi.

Aka yi faɗa hannu da hannu a cikin ganuwa da ɗakunan sojoji, banati da gatari. Kafin rana ta yi nisa Rashawa suka janye, suka tafi da fursunoni ɗaruruwa, suka bar sansanin. Yarinyar ta sami rauni, amma ta tsaya tana ɗaure wa wasu nasu. Ita ce duniya ta sani daga baya da Nene Hatun. Nene kaka ke nan da Turkanci, Hatun kuma uwargida.

A nan ne mai wasa yake shiga tsaka mai wuya, domin labarin biyu ne. Littattafan Rasha sun ce duhu ne ya ci su, 'yan kaɗan ɗin da suka shiga ba su sami agaji ba, suka fita da kansu, kuma ɗaruruwa kawai suka rasa. Na Turkiyya sun ce mutanen gari ne suka kore su, gawar Rasha ta haura 2,000. Wanda zai jera Aziziya a tebur dole ya zaɓa, kuma zaɓinsa a cikin doka yake ɓuya. Zai barbaza farin gari a kan soso ya zama sanyin tsauni, ya yi wa Rashawa fentin doguwar riga ruwan toka, Turkawa shuɗi mai duhu da jar dara. Zai ce kowane rukunin Rasha sai ya jefa ɗan lido kafin ya motsa, in ƙaramin lamba ta fito ya ɓata. Wannan duk mai sauƙi ne. Sai a zo kan mutanen gari. A dokokin da aka saba, taron da ba horo ba bindiga shi ne mafi rauni a tebur, harbi ɗaya ya watse. In ya bi wannan, ya goyi bayan littafin Rasha ke nan ko bai faɗa ba. In kuwa ya ce wannan taron ba ya jefa ɗan lidon gudu, domin wanda gidansa yake bayansa ba shi da wurin guduwa, to ya bi na Turkawa. A ganina na biyun ya fi kusa da abin da muka sani na halin ɗan Adam, amma kada a manta da duhun, don da duk rundunar Heimann ta iso da lauje bai isa ba.

Sannan ga wata. Kamfanonin da suke zuba sojan 1877 kaɗan ne, kuma abin da suke zubawa soja ne, mai harbi, mai gudu, mai busa ƙaho, hafsa a kan doki. Mai son ya sa mata a tudun Aziziya sau da yawa sai ya nemo 'yar tsanar baƙauyiya daga wani zamani daban, ya yanke kwandon da ke hannunta da reza, ya manna mata gatari, ya murza ɗan ƙullu mai daskarewa ya yi mata mayafi. Yanzu da aka sami injin da ke fitar da siffa daga zanen kwamfuta abin ya ɗan yi sauƙi. Wasan da Wells ya ce na maza ne, ga shi ba ya cika a wannan tebur sai an ƙera mace da hannu. Jaririyar kuwa ba wanda yake ƙerawa, don ɗakin da aka bar ta yana wajen tebur.

Kada ki ɗauka nasarar ta juya yaƙin. Kwana tara bayan haka, 18 ga Nuwamba, babban sansanin Kars ya faɗi. Rashawa suka kewaye Erzurum duk tsawon hunturu, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya shiga gari ya shiga sansanin masu kewayen, ya yi ta ɗiba ba ya tambayar addini. Janar Heimann kansa shi ya kashe shi a 1878. Garin da ba a ci da bindiga ba, da alƙalami aka miƙa shi bayan tsagaita wutar 31 ga Janairu 1878, Rashawa suka shiga. Bayan taron Balin na watan Yuli Erzurum ya koma hannun Turkiyya, amma Kars da Ardahan da Batum suka tafi Rasha, dubban Musulmi suka kwashe kayansu suka yi hijira.

Ita kuwa ta koma gida ta ci gaba da rayuwa irin ta kowace mace, haihuwa da raino da talauci, shekara wajen sittin ba wanda ya san ta a wajen unguwarsu. Daular da ta yi wa faɗa ta rushe a gabanta, aka kafa jamhuriya a 1923. Sai da ta tsufa tukuf 'yan jarida suka gano ta, aka fara kawo baƙi. A 1952 Janar Ridgway na Amurka, kwamandan rundunar NATO a Turai, ya zo Erzurum ya je har inda take ya sumbaci hannunta. A watan Mayu 1955 aka naɗa ta Uwar Shekara ta ƙasar Turkiyya. Ba ta yi wata guda da naɗin ba ciwon huhu ya kama ta, ta rasu ranar 22 ga Mayu tana da shekara 98. A Aziziya aka binne ta.